Littattafan Yara a Can Saman Kanta

Akwai wata mata a garinmu na bakin teku, nan arewacin Norway, sunanta Gunvor. Ita da ƙanwarta Tove suka gaji shagon littattafai daga mahaifinsu. Gunvor ba muguwa ba ce, amma akwai taurin kai, ga baki.

Tove ce ke kula da sashen yara, kuma tana da doka ɗaya: littafin yaro ba ya wuce gwiwar babba, don yaro ya ɗauka da hannunsa.

Da ciniki ya fara ja baya, Tove ta ce, "Yaya, mu buɗe wa shagon nan shafi a intanet mana, mu riƙa ba da labarin littattafanmu."

Gunvor ta tuntsire da dariya a gaban masu saye. "Shafi? Ke dai je ki ci gaba da rarrafe da yaranki, abin da kika iya ke nan."

Kafin wata ya ƙare Tove ta tattara ta koma birnin Bergen. Ko waya ta daina ɗauka.

Sanyi ya shigo, rana ta ɓuya makonni ba ta fitowa, kamar yadda ta saba a nan arewa. Gunvor takan zuba gahawa kofi biyu da safe, sai ta tuna, ta mayar da ɗaya cikin buta. Kewar ƙanwarta ta hana ta sakat, girman kai kuma ya hana ta hawa jirgi ta je ta ba da haƙuri. Yara suka ɗauke ƙafa, shago ya yi tsit.

Daga ƙarshe dai ta zauna ta buɗe shafin nan da ta raina, da yatsa ɗaya take lalubar haruffa. Duk mako sai ta yi rubutu. Masu saye suka fara leƙowa kaɗan-kaɗan, amma wadda take yi domin ta, shiru.

Ran nan ta jawo tsani, ta kwashe littattafan yara kaf ta jera su a can saman kanta, dab da rufi. Ta ɗauki hoto ta ɗora a shafin, ta rubuta: "Mun yi gyara."

Ranar Asabar ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Tove ce, dusar ƙanƙara a kafaɗarta, ko gaisuwa babu.

"Yaya, kanki ɗaya kuwa? Wane yaro ne zai kai can? Raƙumin dawa kike sayar wa littafi?"

"Ashe kina karantawa," in ji Gunvor.

"Tun ranar farko. Rubutunki duk kuskure."

"Na sani. Da gangan na hau da littattafan sama, ban san yadda zan kira ki ba." "Ke ce da gaskiya, Tove. Na wulaƙanta ki a gaban mutane. Ki yafe min."

Tove ta tuɓe rigar sanyi ta rataye a ƙusarta ta dā.

"Riƙe min tsanin," ta ce. "Kuma ki zuba min gahawa."

Darasi: Kada ka raina shawara don ta fito daga bakin na ƙasa da kai. In kuma kana kewar wanda ka ɓata wa rai, neme shi tun yana jin kiranka, ka buɗe baki ka ba shi haƙuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai jira.