Kayan Wa Ake Fara Jefawa

An ce wani sarki ya yi mulki a bakin wani babban kogi, yana da waziri mai suna Hambali, ɗan sarauta gaba da baya. Tun yana saurayi shi ke jagorantar jiragen yaƙin sarki, har furfura ta same shi a kan ruwa. Da aka naɗa shi waziri aka raba shi da kogi, sai zama ya gagare shi. A fada ba ya natsuwa: ya gyara rawani, ya dubi ƙofa, ya kasa kunne ga iska. Fadawa kuwa, ka san su da baki, suka riƙa cewa kifi ne aka yafa wa alkyabba.

Wata shekara damina ta ƙi, hatsi ya yi wuya. Fadawa suka ba sarki shawara a kori matuƙa jirgi daga birni, wai yaƙi ya ƙare, ba su da gona sai bakin ci. Mutanen nan fa su suka tuƙa Hambali shekara da shekaru, har sunayen 'ya'yansu ya sani. Hankalinsa ya tashi, abinci ya ƙi ciwuwa, ya yi ta kai da kawowa tsakanin gidansa da gaɓa.

Sarki ya san waziri ba zai yarda ba, sai ya yi niyyar ɗaure shi da bakinsa. Da fada ta cika ya ce, "Ya waziri, kai ne masanin ruwa. Jirgi ya yi nauyi, iska ta taso, ruwa na shiga. Me ake yi?"

Hambali ya ce, "Ya sarki, rage kaya ake yi."

Fadawa suka dubi juna suna murmushi. Sarki ya ce ai ke nan waziri ya yanke hukunci da kansa.

Hambali ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a tambaye ni kayan wa ake fara jefawa ba."

Sai ya bayyana al'adar mutanen ruwa: kayan shugaba ne farkon shiga kogi, sannan na manyan jirgi, na talaka ne ƙarshe. Ya ce ranar da guguwa ta rutsa da su, shi da hannunsa ya jefa sulken da ya gada wurin mahaifinsa, kafin a taɓa ƙullin garin matuƙi ko ɗaya. Har yau yana jin ciwon sulken nan.

Sarki ya ce, "In kaya sun ƙare, jirgi bai daina nitsewa ba fa?"

"Sai shugaba ya sauka ruwa ya riƙe gefen jirgi. Matuƙi ba kaya ba ne, ya sarki. In ka jefa shi, wa zai kai ka gaɓa?"

Daga nan ya tuɓe alkyabba ya ajiye gaban sarki, don ya san maganar da ta rage tana iya cin kansa. Ya ce tun da safe ya buɗe rumbunansa, an raba wa matuƙa.

"Laifina ɗaya, kuma a hukunta ni a kansa: na riga shugaba. Ba nawa ya kamata ya fara shiga ruwa ba."

Kowa ya san rumbunan da ke bayan gidan sarki cike suke, ba a ko taɓa su ba. Sarki ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Can ya tashi, ya ɗauki alkyabbar ya yafa wa Hambali da hannunsa, ya sa a buɗe rumbunan kafin azahar.

Ya ce, "Mai mulkin da bai fara jefa nasa ba, kada ya kira asarar talaka adalci."