Mutumin da Kwamfutarsa Ta Ƙi Kalmar Sirrinsa

Akwai wani magidanci, ba mu san sunansa ba, yana da tsohuwar kwamfuta. A cikinta ya ajiye muryar matarsa, marigayiya Rifkatu, tana rera waƙoƙin zumuntar mata ta coci. Ba shi da muryar a ko'ina sai a nan.

Ana nan sai kwamfutar ta fara nauyi, tana ɗaukewa. Ya kai ta wurin wani mai gyara, wai shi Iliya. Iliya ya kwashe waƙoƙin gefe guda, ya wanke kwamfutar tas, ya ɗora mata sabon tsarin da take aiki da shi, ya mayar da waƙoƙin, ya kulle ta da tasa kalmar sirri ta aiki.

Ya ce, “Maigida, zauna mu sa sabuwar kalmar sirri.”

Mutumin ya ce, “Ni za ka koya wa kayana? Ina da kalmata tun kafin ka buɗe shagon nan.” Ya ɗauki abinsa ya tafi.

Da ya isa gida ya rubuta tsohuwar kalmar, kwamfuta ta ƙi. Ya sake a hankali, da yatsa ɗaya, ta ƙi. Ya gwada sunan garinsu, ya gwada na 'ya'yansa, ya tsawata mata kamar akuyar da ta shiga gona. Kwamfuta dai ba ta san dattijo ba. Komawa shago kuwa ta yi masa nauyi, gama girman kai rawanin tsiya ne.

Wani maƙwabci ya ce masa, “Kawo in sake goge ta gaba ɗaya, ka huta.” A nan tsoro ya kama shi, domin in an goge, muryar Rifkatu ta tafi ke nan. Sai ya rungumi kwamfutar ya koma wurin Iliya.

Iliya bai yi masa gori ba. Ya ce, “Tsohuwar kalmarka ta tafi tare da tsohon tsari, Maigida. Ko ni ba zan iya dawo da ita ba. Amma zan buɗe maka, ka sa sabuwa.” Ya buɗe, mutumin ya sa sabuwar kalma. Waƙa ta tashi a cikin shagon, ya zauna a kan benci yana ji.

Ma'anar wannan misali ita ce, kwamfutar nan zuciyar mutum ce, mai gyaran kuwa Ubangiji ne. Da yawa cikinmu an wanke mu, an sabunta mu, amma muna ƙwanƙwasa ƙofar sabon rai da tsohon hali, da faɗa, da “ni na sani”. In ƙofa ta ƙi sai mu ce Allah ya juya mana baya. Bai juya ba. Abin da kake ƙauna yana nan a ajiye, ba abin da ya ɓata. Kai ne ka tashi tun bai gama da kai ba. Koma ka zauna.