Fararen Faifai a Tsakiyar Kogi

Akwai wani DJ a garinmu Novi Sad mai suna Dragoljub, wanda ya rantse har ya mutu ba zai sa waƙa daga filasha ba, sai faifan garmaho. Kuma duk faifan da ya saya sai ya liƙe sunan da farar takarda, don kada wani DJ ya leƙa ya je ya nemo irinsa. Shi kansa da jerinsu a akwati yake gane su.

Ni da nake ba ku labari, ni da duk garin nan aka san babu mai kunnen kiɗa irin nawa, na taɓa miƙa hannu cikin akwatin ya buge mini yatsu. Ni fa! Na yafe, amma ban manta ba.

To, sai bikin Tijana ya taso, 'yar tsoho Vukashin. Marigayiya uwarta, Ljubinka, ta taɓa yin waƙa guda a faifai tana budurwa. Na gidansu ya ɓace wajen ƙaura, saura na hannun Dragoljub. Don wannan kaɗai aka ɗauke shi aikin: amarya ta ji muryar uwarta ranar aurenta.

Jasna, ƙawar amarya, ita ma DJ ce, amma 'yar filasha. Kafin biki ta same shi.

"Kawu Drago, bar ni in kwafi waƙar nan mana, ko don gudun tsautsayi."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Yarinya, waƙa a filasha ai hoton nama ce. Kin taɓa ganin wanda ya ƙoshi da hoto?"

A cikin jirgin ruwa aka yi bikin, kan kogin Danube, rana tsaka. Ana cikin zagayen rawar kolo sai wani ƙaton jirgin kaya ya wuce. Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta ajiye. Akwatin Dragoljub ya kife, faifai suka watse har ƙarƙashin tebura, kowanne fari fat kamar ɗan'uwansa.

Vukashin ya taso da kofin giyar rakija a hannu. "Maigida, lokacin Ljubinka ya yi."

"Baba, ai... tana cikinsu."

"Wanne?"

Dragoljub ya bi fararen faifan da kallo.

Tsohon ya juya wajen matuƙi. "Kada ka kai mu gaɓa. Babu mai sauka sai matata ta yi waƙa."

Jama'a, ruwa gabas, ruwa yamma, mutumin naku Dragoljub kuma bai iya iyo ba. Ya durƙusa da abin sauraro a kunne yana ɗora faifai ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga gemunsa. Jirgi ya wuce ƙarƙashin gada, ya juyo, ya sake wucewa. Gasasshen nama ya ƙare. Gwaggon amarya tana tsaye a kansa tana cewa, "Ɗana, ko in aro maka tabarau?" Ni kuwa, saboda kirkina, na riƙa miƙa masa waɗanda ya riga ya gwada.

Jasna ta matso wajen na'urar kiɗa. Ta soka filasharta ta riƙe masu rawa, don kada idanu su yi wa Dragoljub yawa.

Can da la'asar ya ɗago kai. Ya samu.

Muryar Ljubinka ta fito siririya. Amarya ta kifa kai a kafaɗar ubanta. Amma faɗuwar ta karce faifan: a tsakiyar baiti allura ta maƙale, murya ta yi ta maimaita wuri ɗaya, sai da Dragoljub ya tura ta da yatsa, ta tsallake layi guda.

Tijana ta ɗago. "Baba, me ta ce a wurin?"

Vukashin ya daɗe yana motsa baki. "Na manta, 'yata."

Kafin jirgi ya taɓa gaɓa, Dragoljub ya miƙa wa Jasna faifan da hannu biyu. Yau waƙar tana wayar kowa a dangin, har da tawa. Da giɓin layin nan a tsakiya.

Darasi: Abin da ka ƙulle don kada wani ya samu, ranar da ya karce kai ma ka rasa shi. Ku tura wa duk wani mai rowa da kuka sani. Ni dai na fara da Dragoljub.