Bangon Da Makaho Ya Duba

Akwai wani mai saka tayil da ake yi wa laƙabi da Gwani. Shekara ashirin yana sana'ar, har ya kai ya daina ɗaukar lebur, wato ma'aunin da ke nuna ko layi ya miƙe. In an tambaye shi sai ya nuna idonsa ya ce, "Ga lebur ɗina nan."

Wata rana wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya makance, ya kira shi ya saka masa tayil a bangon banɗaki. Gwani ya karɓa, amma hankalinsa na kan wani babban aiki na gidan bene da za a fara jibi.

Don haka ya yi gaggawa. Bai kafa miƙaƙƙen katakon da ke tare layin farko ba. Ya kwaɓa siminti ruwa-ruwa don ya yi saurin shafuwa. 'Yan robobin da ake sakawa tsakanin tayil ma bai ciro su daga jaka ba. Kafin la'asar ya jera layi takwas, ya wanke hannu ya tafi.

Da safe ya tarar nauyi ya ja tayil ɗin ƙasa. Layukan sun zame, gefen hagu ya fi na dama sauka da kaurin yatsa. Ya tsaya yana kallo, sai zuciyarsa ta ce masa, ai mai gidan ba ya gani.

Yana shirin cike tsagogin sai ga dattijon ya shigo yana lalube. Ya ɗora yatsa a kan tsagar layi na biyar, ya bi ta a hankali har ƙarshen bango. Ya dawo ya sake bi.

"Ɗana, bangon nan ne ya karkace, ko ni ne na fara tafiya a karkace?"

Gwani ya ajiye kayan aikinsa.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ba faɗa nake maka ba. Ka ga wannan layin? Shi zan riƙa bi da yatsa daga ƙofa zuwa famfo, don in daina kiran mai ɗakina duk lokacin da zan yi wanka. Ita ma gwiwa ta dame ta. To yanzu in na bi shi, ƙarƙashin famfon zai kai ni."

Kunya ta rufe Gwani. Ya ce, "Baba, laifina ne. Ka ba ni kwana huɗu."

"Aikin gidan benen da ka ce za ka fara fa?"

"Su nemi wani."

A ranar ya ɓamɓare tayil ɗin gaba ɗaya, guda tara suka fashe, ya sayo madadinsu da kansa. Ya kankare bango. Ya koma gida ya zaƙulo lebur daga ƙasan akwati. Ya auna tsayin hannun dattijon, ya ja zare daga ƙofa zuwa famfo, ya kafa katako. Ya kwaɓa siminti da kauri. Layi biyu kawai yake jerawa, ya saka robobi, ya ɗora lebur, ya jira su kama kafin ya ƙara.

Masu gidan bene sun kira shi har sau uku, daga baya suka ba wani.

Rana ta huɗu dattijon ya ɗora yatsa daga bakin ƙofa. Ya taka a hankali, hannunsa ya sauka daidai kan famfo. Ya murɗa, ruwa ya zubo. Ya ɗaga murya yana dariya:

"Uwargida, huta abinki! Na iso da kaina!"

Bayan mako biyu, 'yar dattijon da ke gina ƙaramin asibiti ta zo gaishe da iyayenta. Ta ji labarin, ta ga bangon, ta damƙa wa Gwani aikin ɗakunan asibitin duka.

Darasi: Kada ka rage ingancin aikinka don kana ganin mai shi ba zai gane ba. Ba ka san abin da wani zai jingina a kan aikin hannunka ba. In ka yi kuskure, ka rushe ka gyara ko da za ka yi asara. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani.