Dutsen Playa Nena

Akwai wani mai raka masu nutso a tsibirinmu na Bonaire, sunansa Rignaldo. Gwani ne a ruwa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ciwonsa ɗaya, bai iya jure a ce wani abu nasa bai kai ba.

Mu a nan nutso ba sai da jirgi ba. Ka loda tulun iska a bayan a-kori-kura, ka bi titin bakin teku, inda ka ga dutse mai fenti rawaya da suna a jiki, ka tsaya ka shiga ruwa da ƙafarka. Dutsen da ya fi kowanne tashe shi ne na Playa Nena, kuma a kansa Rignaldo yake cin abinci.

To amma Playa Nena ta daɗe da mutuwa, suna ne kawai ya rage. Ƙafafun baƙi sun tattake murjanin da ke tsiro a ƙarƙashin ruwan, cuta ta cinye saura, kifaye suka watse. Duk mun sani, muka yi gum, don ba a tona asirin tukunyar da ake ci a cikinta.

Wata rana wani baƙo ya fito daga ruwa, ya tuɓe gilashin fuska, ya ce, "Nan ne wurin da ake ta zuzutawa? Ai bahon gidana ya fi shi kifi!"

Abokan aikin Rignaldo suka samu abin yi. Da ya shigo sai ka ji, "Sarkin Nena, barka da dawowa daga maƙabarta. Gawa nawa ka nuna musu yau?"

Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Gaba kaɗan da Playa Nena, bayan wata sarƙaƙiyar ƙaya, akwai ɗan lungun teku da ba shi da dutse, ba shi da suna. Marigayi mahaifinsu, masunci ne, shi ya gano shi. A can ya koya wa Rignaldo da yayarsa Marelva iyo. Murjanin wurin tun daga gwiwa yake farawa, kififiya kuma na kwana a ciki. A gidansu Lambun Papa suke ce masa, kuma ba a ambatonsa gaban baƙo.

Ranar wata Lahadi, jama'a na coci, Rignaldo ya ɗauki adda ya sare ƙayar, ya cicciɓi dutsen Playa Nena ya dire shi a bakin sabuwar hanyar.

Marelva tana sayar da pastechi, wato fanke mai nama a ciki, a gefen titin nan. Ran Litinin ta tarar babu dutse, ta bi sawun taya har lungun.

"Rignaldo, ka haukace ne? Lambun Papa ka ba su?"

"Haba Yaya, aron suna kawai na yi masa. Mutum shida, bakwai a rana, ni zan kula da su."

"Kai za ka kula? Wa ya kula da Nena?"

"Ke dai soya fankenki. Harkar ruwa ba taki ba ce."

Ta dube shi ta ce, "Mama kam ba daga bakina za ta ji ba. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Da farko abin ya yi masa daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Baƙi suka riƙa rubutawa a waya cewa Playa Nena ta wuce yadda ake faɗa. Masu yi masa ba'a suka koma bin ƙurar motarsa. Shi kuwa har tafiyarsa ta sake.

Kafin ma'aikatan kula da teku su farga su mayar da dutsen, hanyar ta riga ta shiga wayar kowa. Mutum bakwai suka zama motoci jere. Wannan ya taka, wancan ya dafa don ɗaukar hoto, wani ya shigo da kayan da ya jiƙa a ruwa mai cuta bai wanke ba. Rignaldo ya yi ta ihu a bakin ruwa har muryarsa ta dushe, ba mai jin sa. Abin da ya ɗauki shekaru ɗaruruwa yana tsiro, 'yan shekaru kaɗan suka gama da shi.

Ranar da mahaifiyarsu ta cika tamanin, aka tambaye ta me take so. Ta ce a kai ta Lambun Papa, ta leƙa shi sau ɗaya tun idonta na gani.

Rignaldo ya ce iska ta yi yawa. Ta ce a gidan masunci ta tsufa, kada ya koya mata iska.

Suka riƙe ta hagu da dama har ruwa ya kai mata ƙugu. Ta sa tsohon gilashin mijinta, ta sunkuya. Ta daɗe a haka. Babu komai a ƙasa sai farfasassun duwatsu masu launin toka da gansakuka.

Ta ɗago, ruwa na zuba daga furfurarta.

"Mu huɗu muka san hanyar nan," ta ce. "Ɗaya na kabari. Ni ƙafa ta ƙi. Saura ku biyu."

Marelva ta sunkuyar da kai. "Mama, ni ban iya ɗaga dutse ba."

"Mama, zai farfaɗo," in ji Rignaldo. "In aka rufe wurin, a hankali zai dawo."

"Ni da kai wa zai gani?"

Ya miƙa hannu zai fito da ita. Ta janye nata, ta dafa kafaɗar Marelva, suka haura tudu su biyu. Shi aka bari tsaye a cikin ruwa. Har yau yana zuwa gaishe ta, tana amsawa, amma ba ta ƙara yarda ya riƙe mata hannu ba.

Darasi: Idan abin da ake yabo ya mutu, ka faɗi gaskiya ka sha kunyar yini ɗaya. Wanda ya yanka amanar gidansu don ya ciyar da suna, zai rasa amanar, sunan ma ba zai tsira ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai shirin ɗaga nasa dutsen.