Rigar Marigayi a Gasar Ɗinki

An yi wani mutum a nan unguwar Mamobi, maɗinkin hannu. Ba zan kama sunansa ba. Ya iya allura, amma bai kai ni ba, don ni shekara sittin ke nan ina ɗinki. Ban taɓa shiga aji ba. Na ga mulkin soja, na ga yunwar tamanin da uku, ga ni har yau ina zura zare ba tabarau. Alhamdu lillahi.

Wata rana Hajiya Hamsatu, mai sayar da doya a Kasuwar Malam Atta, ta kawo masa babbar rigar mijinta marigayi. Aska takwas ce, aikin mutanen da, wuyan ne kawai ya zare. Ta ce ya gyara, ɗanta Rauf zai sa ranar Lahadi wajen ɗaurin aurensa. Rigar kaɗai uban ya bar masa.

To, ranar Asabar matasan Nima, unguwar da ke kusa da mu, suka shirya gasar aikin hannu. Mata suka kawo leshin da suka saƙa, ni na kai hulata. Mutumin nan ya dubi rigar, Shaiɗan ya raɗa masa, wa zai sani? Ya kai ta, ya ce aikinsa ne daga wuya har ƙasa.

Ya 'yan uwa, abin da aka ba ka ajiya naka ne?

Ana karanta ƙa'idoji, shi yana can yana cika baki. Bai ji an ce duk abin da ya zo na ɗaya babban baƙo za a ba kyauta ba. Rigar ta ci. Aka buga ganga, mata na guɗa, aka zura wa baƙon, wani attajiri daga Kumasi. Ta zauna masa ɗas, ya nufi motarsa.

Sai ga maɗinkin a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya riƙe hannun rigar.

"Alhaji, don Allah a cire!"

Baƙon ya ce, "Ei, Malam, ba kai ka ɗinka ba? Ɗinka wata mana!"

Lasifika na kusa da bakin maɗinkin. Nima duka ta ji ya ce, "Ba aikina ba ne. Rigar maraya ce, gobe aurensa."

Baƙon mutumin kirki ne. Ya tuɓe, ya ninke da hannunsa, ya tambayi gidan biki. Kashegari ya zo, aka ci waake, wato shinkafa da wake, tare, ango ya fito cikin rigar ubansa, uwar na kuka tana dariya. Gasa kuwa aka sake duba kaya, leshin wata Nasira ya ci. Hulata ta zo ta biyu, kuma kowa ya shaida alƙalan ba su juya cikinta sun gani ba.

Maɗinkin fa? Tun ranar ko maɓalli ba a ƙara kai masa ba. Mata suka riƙa wuce ƙofarsa da ƙunshinsu, suna kawo mini. Ya rufe shago, ya bar unguwa.

Ya 'yan uwa, hannunsa bai mutu ba, idonsa bai mutu ba. Amana ya ci saboda tafin yini ɗaya, kuma ba mai ba maci amana ajiya sau biyu.

Allah ya kiyaye mu da taɓa abin da aka ba mu riƙo, ya sa mu mayar wa kowa nasa cikakke. Amin.