Lambar Yabon Falkner

Zamanin yaƙin duniya na biyu an yi wani jami'in 'yan Nazi a Jamus, wai shi Falkner. Rahoto ɗaya ne ya ba shi mulkin gari: ya rubuta wa Berlin cewa ya kwashe Yahudawan wurin kaf. Aka ba shi lambar yabo, har a jarida.

Ran nan ya kira Ottmar, tsoho mai raba wasiƙu, ya ce, "Ka san kowane gida. An ce ana ɓoye Yahudawa. Kawo mini su gobe, ko in rataye ka."

"To, ranka ya daɗe. Sai dai doka ce a aika sunayensu Berlin. A haɗa da rahoton bara, ko daban?"

"Wane rahoto?"

"Wanda ka ce ba sauran ko ɗaya. Na ji mai yi wa Berlin ƙarya ma rataye shi ake."

Falkner ya shafa lambarsa, ya shafa wuyansa.

"Babu Bayahude a garin nan!"

"Ni ma haka na karanta."

Ottmar ya koma gidansa, inda aka ɗauka shi kaɗai yake zaune, ya dafa dankali na mutum tara.